Fudin Kirsimeti a tukunyar lantarki, yadda nake yin nawa ba giya

Fudin farko da na yi a ƙasar nan a kwandon shara ya ƙare. Na dawo daga aikin dare, a nan birnin Lids na Ingila, na ɗora shi a kan gas wajen ƙarfe tara na safe, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin lokacin ƙara ruwa ya yi. Ƙararrawar hayaƙi ce ta tashe ni bayan ƙarfe ɗaya. Ruwa ya ƙafe ƙaf, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, kwanon tangaran ɗin da ke ciki ya tsage gida biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanon ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne, wata tsohuwar Baturiya da yarana ke kira Kaka, kuma ta gaya mini a wajen mahaifiyarta ta gaje shi. Na ɗauki guntayen na je ƙofarta idona cike da ƙwalla. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta shiga ciki ta fito rungume da tukunyar lantarkinta, irin mai dahuwa a hankali da ake kira silo-kuka a shaguna. Ta ce mai aikin dare ba ta da ƙarfin gadin tukunya, in sake kwaɓa wani in saka a wannan. Tun daga ranar ban ƙara ɗora fudin a kan murhu ba.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, fudin Kirsimeti abin zaƙi ne na Ingila da ake ci bayan babban abincin ranar 25 ga Disamba. Baƙi ne, mai nauyi, cike da zabibi da kayan ƙamshi, siffarsa kamar an kife ƙwarya. Ba gasa shi ake yi kamar kek ba, turara shi ake yi. Duk wadda ta iya alala a gwangwani ta riga ta san rabin aikin: ƙullu a cikin mazubi, mazubi a cikin ruwan zafi, kada ruwa ya shiga, kada kuma ya ƙafe. Bambancin kawai, alala ba ta kai awa ɗaya ta dahu, wannan kuwa wuni guda yake so. A kan murhu awa shida zuwa takwas ne, kina leƙawa kina ƙara tafasasshen ruwa. A tukunyar lantarki murfi ne ke mayar da tururin ciki, ruwan da kika zuba da safe kusan shi za ki tarar da yamma.

Ni 'yar Wusasa ce, ta Zariya, kuma a gidanmu Kirsimeti shinkafa ce da miyar kaji da cincin, da kwanukan da ake aika yara su kai wa dangi da maƙwabta Musulmi. Rabin danginmu Musulmi ne, haka ma yawancin waɗanda ke cika mini falo a nan ranar Kirsimeti. Shi ya sa nawa fudin babu barandi, babu giya ko ɗigo, kitsensa kuma daga mahaucin halal nake saye. Ba na son in ajiye a teburina abin da sai na tsaya ina yi wa baƙona bayani. Kaka ta ce da farko ba zai yi daɗi ba, amma yanzu kowace shekara tana aiko jikarta da faranti.

Kafin ki auna komai, ki gwada kwano. Ki samu na tangaran ko na gilashi mai jure zafi, mai ɗaukar lita 1.2, wanda ke da leɓe a bakinsa inda zare zai kama. Ki saka shi a tukunyar babu komai a ciki, ki rufe. In murfin ya zauna daram, to. In ya ɗaga ko kaɗan, tururi zai riƙa tserewa, gara ki raba ƙullun a ƙananan kwanuka biyu. Tawa mai lita 6 ce, kwanon na shiga har da sauran fili. Da yawa sai sun kwaɓa sun ɗaure sannan su gane murfi ba ya rufuwa.

Aikin daga daren jiya yake farawa, da jiƙon 'ya'yan itace. Ina haɗa giram 500: baƙin zabibi giram 200, mai ruwan zuma da suke kira sultana giram 150, ƙananan nan masu ɗan tsami da ake kira karant giram 75, sai dabino giram 75 da na cire wa ƙwallo na yanka ƙanana. In zabibi iri ɗaya kawai kika samu a kasuwa, ki cika ma'aunin da shi. Dabinon kuwa kada ki bar shi. Yana narkewa cikin ƙullun ya riƙe danshi, kuma shi ke cike gurbin zurfin ɗanɗanon da Turawa ke samu daga giya. Ki dafa shayi mai ƙarfi, jaka biyu a ruwa mililita 100, ba madara ba sukari. Ki goge bawon lemon zaƙi ɗaya da na lemon tsami ɗaya, saman mai launi kawai, don farin da ke ƙasa ɗaci gare shi. Ki matse ruwan lemon zaƙin a cikin shayin, ki juye duka a kan 'ya'yan itacen, ki rufe. Da safe za ki ga zabibin ya kumbura ya yi sheƙi, ruwan da ya rage a gindin kwano bai fi cokali biyu ba. Shi ma kada ki zubar.

Kitsen da ake so shi ne wanda ke lulluɓe da ƙodar saniya, fari, mai tauri, wanda ke ɓarewa a hannu kamar kyandir. Ba kitsen jikin nama ba, wannan laushi gare shi da ƙarni. Ki ce wa mahauci kitsen ƙoda, ya san shi. Giram 100 ake buƙata, amma ki sayi fiye da haka, don za ki zare tantanin da ke jikinsa da duk wata jijiya ko ɗigon jini. Ki jefa shi a firiza minti talatin ya daskare, ki barbaɗa masa fulawa, ki goge shi a magogi ta ɓangaren manyan ƙofofi. Ya kamata ya zubo warwar kamar tsakin masara. Dalilin da ya sa ake wannan wahala shi ne kitsen ƙoda ba ya saurin narkewa kamar bota. Kafin ya narke ƙullun ya riga ya fara kamawa, sai kowane ɗan tsaki ya bar ƙaramin rami a inda yake. Waɗannan ramukan ne ke hana fudin zama dunƙule guda kamar tuwon da ya kwana. In ba ki son na dabba, a manyan shagunan nan akwai na kwali da aka yi da man tsirrai, kamfanin Atora na yin sa. In duka babu, ki daskarar da bota ki goge, zai yi, sai dai ya fi nauyi.

Sauran kayan ba su da wuya. Ɓarɓashin burodi giram 100, na burodin da ya kwana biyu, a cire ɓawon a murje shi ko a niƙa. Kada ki yi amfani da busasshen garin nan na soya kaza. Fulawa giram 60 da ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda. Tuffa ɗaya mai tsami, a fere a goge. Ƙwai biyu manya. Almon giram 40 a daddatsa, ko kashu. Ɗan gishiri a bakin yatsu. Sukari kuma giram 150 na baƙin nan mai danshi da suke kira maskobado. Ranar da na fara buɗe ledarsa na shinshina, sai na ji ni a kasuwa ina yarinya, don mazarƙwaila ce sak, illa dai ba a dunƙule take ba. In kina gida, ki daka mazarƙwaila mai tsabta ki tankaɗe, ba ki rasa komai ba. Ina ƙara babban cokali ɗaya na baƙin maɗin rake don launi.

Kayan ƙamshi ni nake haɗa nawa: kirfa ƙaramin cokali ɗaya, garin citta rabin cokali, gyaɗar ƙamshi rabin cokali, kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar a daka lukui. Ki yi hankali da kanumfari, in ya yi yawa sai ya danne kowa, fudin ya koma kamar maganin haƙori. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne abincin da Turawan Ingila ke ɗauka nasu na gado kusan duk abin da ke ba shi ɗanɗano daga wata ƙasa ya zo. A 1927 ma hukumar da ke tallata kayan daular Birtaniya ta buga tsarin fudin mai dafa wa Sarki Joji na Biyar abinci, kowane kaya da sunan ƙasar da ya fito: zabibi daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, giyar rake daga Jamaika, kanumfari daga Zanzibar. Ni dai citta da kanumfarin nan a kwandon kayan kunun mahaifiyata na fara saninsu.

Kwaɓin kansa minti goma ne. Ki haɗa busassun kayan a babban kwano, fulawa da burodi da sukari da kitse da kayan ƙamshi, ki murje dunƙulen sukarin da yatsu. Ki juye jiƙaƙƙun 'ya'yan itace da ruwansu, da tuffa, da almon. Ki kaɗa ƙwai da maɗi ki zuba, ki juya da cokalin katako har sai babu farin fulawa a ko'ina. Ki ɗebo cokali guda ki ɗaga. In kika ɗan girgiza ya faɗo dunƙule guda, ya yi. In ya maƙale, ki ƙara madara ko ruwan lemo cokali ɗaya-ɗaya. In yana zuba kamar ƙullun waina, ki ƙara burodi.

A nan ne al'adarsu take. Ranar kwaɓa fudin ita ce Lahadi ta ƙarshe kafin makonni huɗu na shirin Kirsimeti, tana faɗawa a ƙarshe-ƙarshen Nuwamba. Addu'ar da aka ware wa wannan Lahadi a littafin addu'ar Angilikan, tun bugun 1549, da roƙon Ubangiji ya motsa zukatan masu bi take farawa, kuma kalmar motsawar ita ce dai wadda suke amfani da ita wajen juya ƙullu. Sai ya zama matan gida na jin ta a coci su tuna lokacin fudin ya yi. Kowa a gidan sai ya riƙe cokalin ya juya sau ɗaya ya yi fata a zuciyarsa, daga gabas zuwa yamma, wai don tunawa da masanan nan da suka zo daga gabas don ganin jariri Yesu. Yarana ba sa yarda a bar su a baya, har ƙaramin sai an ɗaga shi ya kama cokali da hannu biyu. Suna kuma jefa kuɗin azurfa a ciki, wanda ya tsinta a rabonsa ya yi sa'ar shekara. Kuɗin da suka saba jefawa shi ne na kobo shida, wato sisin nan da har gobe muke cewa ba mu da ko shi. Ni ba na dafa kuɗi a ciki. Ina tafasa shi daban, in naɗe a takardar gashi, in tura a ƙarƙashin yankan babban mutum lokacin rabawa. Na ga yaron da ya haɗiye tsaba a wurin aiki, ba na son in gani a gidana.

Yanzu ɗauri, wanda shi ne wurin da ake faɗuwa. Ki shafe cikin kwanon da bota sosai, ki yanka 'yar takardar gashi zagayayya ki shimfiɗa a gindinsa, don nan ne yake son kamawa. Ki zuba ƙullun kina dannawa da bayan cokali don kada iska ta ɓuya, ki bar kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi daga baki, saboda zai ɗan tashi. Ki yanka takardar gashi da foyil, kowanne ya fi bakin kwanon faɗi sosai. Ki ɗora foyil a kan takardar, ki kama tsakiyarsu tare ki yi ninki guda mai faɗin yatsa biyu, kamar kalmasar zane. Wannan ninkin ne zai buɗe in fudin ya kumbura. Ki kife su a kan kwanon, takarda a ƙasa foyil a sama. Kada foyil ya taɓa fudin kai tsaye, tsamin 'ya'yan itace na cinsa. Ki zagaya zaren auduga mai kauri sau biyu a ƙarƙashin leɓen kwanon, ki ja da ƙarfi ki ƙulle. Wannan aikin mutum biyu ne, wani ya danne ƙullin da yatsa. Sai ki haye saman da wani zaren daga gefe zuwa gefe ki yi mariƙi, da shi za ki ciro kwano mai zafi daga rami mai zafi. Ki datse takardar da ta yi tsawo, ki cusa gefen foyil ɗin sama, kada ko kusurwa ɗaya ta taɓa ruwa. Takarda in ta sha ruwa jawo shi take yi har cikin fudin, kamar lagwani.

Ki zuba ɗan ruwa mai ɗumi a tukunyar, ki kunna ta a inda aka rubuta High, ta yi minti goma sha biyar. Kaskon cikinta na tangaran ne, in kika kwara masa tafasasshen ruwa yana sanyi zai iya tsagewa. Ki ajiye murfin kwalba na ƙarfe ko ninkakken tsumma mai tsabta a gindi, ki zaunar da kwanon a kai, ki zuba ruwan zafi ta gefe a hankali har ya kai rabin tsayin kwanon. Ki rufe. Awa goma a High. Kada ki mayar da ita Low don ki rage wuta, zafin bai isa ya tayar da ƙullun da wuri ba, sai ya fito a cushe.

Sau ɗaya nake leƙawa, wajen awa ta shida, kuma sau da yawa ba na ƙara ko kofi. Duk buɗewa zafi ne ke fita. Zuwa awa ta huɗu ƙamshin kirfa da lemo zai fara fitowa daga kicin, zuwa ta takwas ya kama labule da matakala. A awa takwas ya dahu, ana iya ci. Awa biyun ƙarshen na launi ne da ɗanɗano: sukarin da 'ya'yan itacen suna ƙara duhu, daga ruwan ƙasa zuwa kusan baƙi, zaƙin kuma ya daina zama na sukari zalla ya samu ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi. In kin raba kwano biyu ƙanana, awa bakwai ta isa. Ki ciro da mariƙin, ki kwance, ki soka tsinke a tsakiya. Ɗan danƙon zabibi a jikinsa ba komai ba ne, amma in kika ga ɗanyen ƙullu, ki sake ɗaurewa ki mayar awa ɗaya.

Ƙanwata da ke Kaduna ta yi shi bara da tukunyar da na aika mata, tunda soket da ƙarfin wutar Ingila da na Najeriya iri ɗaya ne. Wadda aka sayo daga Amurka ce ba za a jona kai tsaye ba. Matsalarta ita ce samun wutar awa goma a jere. Abin da ta yi shi ne ta ajiye babbar tukunya da gawayi a kusa. Da aka ɗauke wuta a awa ta biyar, ta ciro kwanon ta mayar cikin tukunyar a kan murfin kwalba, ruwa rabin kwano, wuta kaɗan yana ɓararraka a hankali, ta ƙarasa a haka tana ƙara ruwan zafi. Abin da ba a so shi ne a bar shi ya huce a tsakiyar dahuwa da ƙwai da kitse a ciki.

In ya dahu, ki bar shi a buɗe ya huce sarai, har gindin kwanon ya yi sanyi a tafin hannu. Sai ki sa sabuwar takarda da sabon foyil ki ɗaure kamar da. A nan nawa ya rabu da na Kaka. Nata mai barandi ne, tana ajiye shi a kabad mai sanyi makonni, tana ɗiga masa wani barandin lokaci-lokaci, har akwai masu ajiye nasu shekara guda. Wanda babu giya ba a yi masa haka. Firij zai shiga, kuma ba na barin sa ya wuce mako biyu. In na kwaɓa a Nuwamba tare da kowa, firiza nake saka shi, in fito da shi ranar 23 ga Disamba ya saki a firij. A zafin gida kuwa kada ma ki yi tunanin kabad. Kwanakin da yake yi a ajiye suna ƙara masa daɗi, ko kwana uku ne za ki ji kayan ƙamshin sun shiga juna.

Ranar Kirsimeti ne tukunyar ke biyan kuɗinta. Kawunan gas ɗina huɗu duk a cike suke, dafa-duka da miya da kaji da farfesu, babu inda fudin zai zauna. Kafin mu fita coci nake mayar da shi tukunyar lantarki a wani lungu, ruwan zafi rabin kwano, High, awa uku zuwa huɗu. In ya ɗan wuce ba ya lalacewa. Ba na son ɗumama shi a maikirowef, sukari da kitsen da ke ciki suna iya ƙonewa daga tsakiya alhali waje bai nuna ba.

Lokacin ci, ki kwance, ki zagaya siririyar wuƙa a gefe, ki kife faranti a baki, ki juya su tare da tsumma a hannu. Ki ɗan jira. Za ki ji ya saki da wata 'yar ƙara, tuf. Ki ɗaga kwanon a hankali ki ɓare takardar da ke samansa. Turawa a nan suke ɗumama barandi a ludayi su kunna masa ashana su kwarara a kai, a kashe fitilu. Na gani sau ɗaya a gidan Kaka, shuɗiyar wuta tana gangarowa ta gefen fudin tana lasar faranti, jikokinta sun yi tsit har ta mutu. Kyakkyawan abu ne, ba zan ɓoye ba. A gidana dai kwastad mai zafi nake kwararawa, ba mai zaƙi sosai ba, don fudin ya riga ya ɗauki zaƙin duka. Ki yanka ƙanana. Wannan kwanon na isar mutum takwas, har goma in sun riga sun ci shinkafa.

Abin da ya rage ki rufe a firij. Washegari da safe nake yanka shi fale-fale kamar kaurin yatsa, in narka man shanu a kasko, in soya kowane gefe minti biyu har bakinsa ya yi ƙamas-ƙamas, cikin ya yi laushi. Da shayi mai citta muke ci, kuma yanka biyun farko na Kaka ne, babban ɗana ke kai mata tun suna tururi.